Hatimin da Ya Rusuna

"Wa ya buga wannan hatimin?" Fumiko Nagase, mai binciken cikin gida ta kamfanin, ta tura takardar duba lafiyar injuna gaban Hori, mataimakin shugaban masana'antarsu ta Osaka da ke Japan.

"Maigida Tokuda mana, ranki ya daɗe. Ga sunansa nan."

"Kada ka raina min hankali. Ƙaramin ma'aikaci ne ke karkata hatiminsa don ya rusuna wa na gaba da shi. Tokuda ne babba a nan, wa zai rusuna wa? Wata takwas ke nan hatiminsa a karkace yake."

Hori ya sunkuyar da kai. "Ni nake buga masa, hannuna ne ya saba karkatawa. Saura wata biyu ya yi ritaya, ki rufa masa asiri."

Zuciyarta ta tafasa. Tokuda, mutumin da ya koya mata aiki shekara ashirin da suka wuce, yau shi ke ba da aron hatimi? Ta nufi ofishinsa, Hori na biye da ita.

Ta tarar da tsohon zaune tsaf cikin kwat, teburinsa wayam. Ya dube ta yana murmushi, babu alamar ya taɓa ganin ta.

"Tun bara ciwon mantuwa ya kama shi," Hori ya raɗa mata.

"Sabuwa ce ko?" in ji Tokuda. "'Yata, ko mahaifinki ne kada ki ba shi aron hatiminki. Ki yi koyi da ɗalibata Fumiko. Ba ta taɓa rufa wa mai laifi asiri ba, shi ya sa nake alfahari da ita."