Giwar da Ke Bayan Gamba

Na ji ka ce sai ƙasa ta yi kore shar za ka kwashi iyali ku je gandun daji kallon namun dawa. To gyara zama in ba ka misali. In ka ji, sai ka yi yadda ka ga dama, ai kai ba yaro ba ne.

An yi wani tsoho mai zanen motoci. Duk babbar motar da ka gani a tashar garinsu da giwa a bayanta, ta ɗaga hanci tana karya itace, to hannunsa ne. Ya yi furfura yana zanen giwa, amma bai taɓa ɗora ido a kan mai rai ba. A jikin wata tsohuwar mota ya kwaikwaya tun yana saurayi, ya yi ta maimaitawa. Da tsufa ya zo, sai ido ya fara yi masa gardama. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, ganin ne ke tsiyayewa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Tsoho bai roƙi kome ba sai abu guda: a kai shi ya ga giwa, ya san ko gaskiya ya yi ta zana wa mutane ko ƙarya. Ɗansa mai kiwon shanu ne, yana son uban nan kamar ransa, nan take ya ɗauki alkawari. Lokacin bazara ta kai maƙura, rana kamar ta fasa kai. Sai ya dubi turkensa, ya ga shanu sun bushe, haƙarƙari duk a waje. Ya ce a ransa, nawa da nake ba su dusa sun koma haka, ina ga na dawa? Ba zai kai Baba ya sha zafi don ya ga ramammiyar giwa ba, gara a jira ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, dabba ta ci ta murje. Ka ji fa lissafi, a turke ba shi da aibu. Bai tambayi kowa ba, don a ganinsa wa zai koya masa halin dabba? Yana jiran ruwa, ido kuwa bai jira shi ba. Tsohon da yake gane fuskar mai sallama daga bakin zaure ya koma sai launin riga yake ganewa.

Sai da marka ta zauna suka tafi. Daji ya yi kyau, ba ƙarya, amma gamba ta fi motarsu tsawo, ta tsaya dama da hagu kamar zana. Rabin hanyoyin ruwa ya cinye. Suka wuni suna kewaye, ba abin da suka samu sai cizon ƙudan tsando. Sun ji an karya reshe can ciki, sun ji warin ɗanyen kashi, wato giwa tana nan bayan ciyawar, jifa ma ya isa, amma ko kunnenta ba su hango ba. Ma'aikacin da ke musu jagora ya ce, "Malam, ai da bazara ake zuwa. In tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta kwanta, ƙishirwa ke koro su bakin kogi garke-garke. Yanzu kowane rami ruwa ne, me zai fito da su?" Nan ɗan ya gane kuskurensa. Ashe zafi da bushewar da ya gudar wa ubansa su ne ke nuna giwa. Kafin su juya, jagoran ya nuna musu wani sawu a cikin taɓo, cike da ruwan sama. Tsoho ya sauka, ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya shafa gefensa har ya zagaye. Sannan ya tashi, suka kama hanyar gida.

Kafin a gama girbi ido ya rufe ruf. Da bazara ta zagayo, ɗan ya dage sai sun koma, tsoho ya bi shi don kada ya karya masa zuciya. Ko daɗewa ba su yi a bakin kogi ba sai ga giwaye, manya da 'ya'yansu, suna tsotsar ruwa suna watsa wa jikinsu, kusa har ana jin numfashinsu. Tsoho ya juya fuska wajen ƙarar, amma ya ɗan kauce, wata bishiya yake fuskanta. Ya ce, "Ɗan nan, dube ta da kyau. Ta yi kama da tawa?" Ɗan ya duba. Wallahi ta yi, har yadda take ɗaga hancin. Ya ce, "Ita ce sak, Baba." Tsoho ya ce, "Kai ɗana ne. Ko ba ta yi ba, haka za ka ce."

Da wannan shakkar ya koma gida, da ita kuma aka kai shi makwancinsa. Ni abin da ke ci mini rai, ɗan nan ba rowa ya yi ba, ba ƙyuya ya yi ba, ƙauna ce ta sa shi jira. Halin turke ya sani, ya ɗauka shi ne halin daji, tambaya ɗaya kuma da ta ishe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.