Rabin Awa a Tsaye

Ƙas! Da asuba na ji ƙarar, na zaci gara ce ta karya azarar ɗakinmu. Ashe bayan matata ne, ta duƙa ɗaukar buta.

Likita ya ce tun da al'ada ta ɗauke mata ƙashinta ke zaizayewa. Ya ba ta ƙwayar kalsiyam ta kullum, da wata guda ta ranar Asabar. Ta Asabar ɗin za ta sha da ruwa kafin karin kumallo, sannan rabin awa ba kwanciya, ba duƙawa.

Shi ke nan, sharar Asabar ta dawo kaina, daidai lokacin da nake fita kallon raƙuman kasuwa suna shigowa daga garin Ƙwanni, ƙetaren iyaka. Ita kuwa tana tsaye ƙyam kamar jami'in kan iyaka.

"Malam, mi ka share nan? Koma!"

"Haba! Wane irin magani ne wannan, mai sha daban, mai wahala daban?"

Asabar ta huɗu na kasa miƙewa. Na dafe ƙugu ina nishi, ina zagin wanda ya ƙirƙiro gajeriyar tsintsiya.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga.

"Malam, rabin awa ta yi maka haka? To ita shekara nawa ta yi duƙe?"