Sakan Goma a Bakin Rami

Yau ma Ernest ya tsuguna a tsakar gidansu na haya a unguwar Television. Ya ɗora ƙwallon golf a bakin ɗan ramin da ya haƙa da cokali, yana ƙirga. Ɗaya, biyu, har goma. Sati uku ke nan bai ƙetare gada ya je aiki ba.

Shekara goma sha huɗu yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf. Duk shekara kulob ɗin kan shirya wa masu ɗaukar jaka gasa, wanda ya ci a tura shi koyon wasan ƙwararru. Ba a tura wanda ya haura talatin. Ernest zai cika talatin da ɗaya a watan gobe.

Ranar gasar ya hana matarsa Miriam zuwa, wai idonta zai sa hannunsa rawa. Ta ce dama akwai taron zumuntar mata a coci.

A rami na ƙarshe ƙwallonsa ta tsaya a baki, rabinta na leƙen ciki. Ya ƙarasa, ya tsaya a kanta. Tana ɗan motsi, kowa na gani. Can sai ta faɗa, fili ya ɗauki tafi.

Amma dokar wasan ba ta duba motsi. In ɗan wasa ya iso ramin, sakan goma yake da su. Suka wuce, to ƙwallo ta tsaya ke nan ko da tana rawa, in ta faɗa daga baya a ƙara masa bugu ɗaya. Bugu ɗayan nan ne tsakaninsa da Monday, abokinsa tun suna yara a Kakuri.

Aka yi ta gardama. Ba wanda ya duba agogo. Alƙalin wasa ya shiga rumfa, har ya ɗauki biro zai bar wa Ernest nasarar. Da ya fito sai ya ce an kawo masa bidiyo a waya: sakan goma sha uku. Aka yi kunnen doki, suka sake rami ɗaya, Monday ya ci. Alƙalin ya ƙi faɗin mai wayar.

Jiya Monday ya zo har gida.

"Ɗan'uwa, ko waya ban riƙe ba ranar."

"Mutanenka fa? Tashi ka ba ni wuri."

Yanzu Miriam tana bakin murhu, tuwo na ƙonewa ba ta ji ba. Tun ranar gasar wayarta tana ƙasan akwati, ta ce batir ya mutu. Takalminta na coci kuwa sau biyu ta wanke kafin koren ciyawa ya fita.

"Maman Peace," in ji Ernest, idonsa na kan ramin, "duk wanda ya yi min wannan, ko a gaban Allah ba zan yafe ba."

"To, Baban Peace."

Ta juya tuwon. Ba ta taɓa jin wata dokar sakan goma ba. Abin da ta jiyo kawai daga bayan taron 'yan kallo, ana cewa ƙwallon mijinta ta tsaya. Shi ya sa ta cire kunya, karo na farko a rayuwarta, ta bi alƙali har rumfa ta miƙa masa wayarta, don ya gani da idonsa cewa tana motsi.