Baƙuwar Gudrun

Bodil tana fito da gasasshiyar agwagwa daga murhu ta jiyo dariyar mahaifiyarta a falo. Ta tsaya cak da faranti a hannu. Rabonta da jin wannan dariya tun ranar da likitoci suka ce a mayar da Gudrun gidanta na garin Ribe, babu sauran abin da za su iya yi mata.

Tun lokacin Bodil ta ajiye aikinta ta tare a gidan. Ita ce wanka, ita ce juya tsohuwar a gado, ita ce kwasar amai. Abin da take samu daga bakin uwar bai wuce "miyar nan ta yi gishiri" ba. Amma ga wata da ta shigo ɗazu da rana, ko rigar ruwanta ba ta gama bushewa ba, an sakar mata fuska har dasashi ya bayyana.

Sunanta Maiken, shekarunta ba za su wuce talatin ba. Gudrun ce ta sa a ƙara faranti ɗaya a teburin jajibirin Kirsimeti. Da Bodil ta tambayi ko wace ce, sai tsohuwar ta ce, "Baƙuwata ce. Kirsimetina na ƙarshe ne, shi ma sai na nemi izininki?"

Ejvind, mijin Bodil, shi ya ɗauko baƙuwar daga tashar jirgin ƙasa. Tun dawowarsa yake raɓe a kicin, idanunsa jawur.

"Albasa ce," in ji shi.

"Ni na yanka albasar, tun safe. Ka san ta ne?"

"Yau na fara ganinta." Ya ɗauki kwanon dankali. "Ke dai kishi kike yi."

"Da wa? Wuce ka kai abinci."

A teburi Gudrun ta nuna wa Maiken kujerar da ke gefen taga. Bodil ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kujerar Signe ce, 'yar Bodil tilo, wadda babbar mota ta buge a kan keke ta rasu shekarun baya. Ranar, duk abin da likitoci suka tambayi Bodil "to" kawai ta ce musu. Da ta dawo gida ta hana kowa ya ƙara ambaton sunan yarinyar a gabanta, kuma ba wanda ya sake zama a wurin.

Maiken ta zauna a ɗarare. Ta ƙi ruwan inabi, ta ce ruwa ya ishe ta. Ana cikin ci wayarta ta yi ƙara, ta ciro ƙwayoyin magani ta haɗiye. Da Ejvind ya yi tari sai ta ɗan ja baya. Bodil ta ce a ranta, ga iyayi kuma. Ɗakin ya ɗumame, amma baƙuwar ba ta sassauta rigar ulu da ta rufe ta har wuya ba.

Gudrun kuwa, wadda cokali biyu ke gagararta, ta manta da nata farantin. "Ci mana, 'yata. Bodil, ƙara mata kabeji."

'Yata. Bodil ta zuba kabejin har ya zubo a kan ƙyallen teburi.

Aka kawo shinkafa da madara, wadda ake ɓoye ƙwayar almon guda mai kama da gyaɗa a ciki, wanda ya tsince ta ya ci kyautar gida. Da idonta Bodil ta ga uwar ta juya kwanon, ta tura ɓangaren da ƙwayar take zuwa gaban Maiken. Da aka buɗe kyautar, sai ga jan mayafin wuya da Gudrun ta shafe duk lokacin kaka tana saƙawa, tana yi tana hutawa. Bodil ce ta sayo zaren. Duk tsawon lokacin ta ɗauka nata ne.

Suka riƙe hannu suka kewaya bishiyar Kirsimeti suna waƙa, Ejvind yana tura tsohuwar a keken marasa lafiya. Bodil ta motsa baki kawai. Tunani iri-iri ya yi ta zuwar mata: ko jika ce, 'yar wata 'ya da uwar ta haifa a ɓoye tun tana budurwa, ko kuma irin masu shige wa tsofaffi ce in sun ji ƙamshin mutuwa.

Bayan waƙa Gudrun ta ce ta gaji, Maiken ta raka ta ɗaki. Bodil ta wanke tukwane ta goge, ba su fito ba. Ta jefar da tsumman ta nufi ɗakin, ta tura ƙofa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Maiken tana zaune a bakin gado. Gudrun ta kwantar da kai a ƙirjinta, idanu a lumshe, fuskarta da wata natsuwa da magani bai taɓa ba ta ba.

"Mama, ni ban isa ba ne?" in ji Bodil. "Kullum ina nan. Ko sau ɗaya ba ki taɓa jingina da ni haka ba. Wace ce ita?"

Gudrun ta buɗe ido. "Zo nan."

"Ba sai na zo ba."

"Ba ni da ƙarfin gardama, Bodil. Na sha wahala kafin na gano ta, kuma ba don kaina na neme ta ba. Ba na so in tafi in bar ki hannu wofi."

Maiken tana hawaye ta ja wuyan rigarta ƙasa, wani dogon tabon ɗinki ya bayyana a tsakiyar ƙirjinta. Tsohuwar ta kamo kan Bodil ta ɗora kunnenta a wurin.

"Saurara da kyau," in ji ta. "Zuciyar Signe ce aka dasa mata."