Gansakukar Torkel

Eskil ya dire tukunyar shuka a gaban Torkel yana haki. Tun suna samari suke aika wa juna tsirrai tsakanin biranen Uppsala da Bergen.

"Na gaji, Torkel. Da tsufana sai da ka sa na hau jirgin ruwa. Ga abin da ka aiko min, daga nan ka daina kula ni. Shekara da shekaru ina renonsa, ashe ciyawar bakin hanya ce!"

Torkel ko kallon tukunyar bai yi ba.

"Gansakukar da na naɗe saiwar da ita fa?"

"Ai kowa da gansakuka yake naɗe saiwa don kar ta bushe. Da taka ɗin ma na naɗe furen da na aiko maka."

Torkel ya shafa gurguwar ƙafarsa.

"Ita ce kyautar, sakarai. Saiwar tana riƙe ta ne kawai. Wajen ciro maka ita a kan dutse na karya ƙafar nan, gansakuka ce da ba a taɓa ganin irinta ba. Da ta dawo min, na ɗauka ka raina ta ne, na jefa ta a murhu."