Baƙin Jika na Ranar Lahadi

Sau uku Jika ya share ƙofar majami'a a safiyar nan, ba don datti ba, don dai ya sami dalilin leƙa hanya.

Tsohon soja ne. Can wajen yaƙin Turawa aka yi masa baftisma, ya dawo Gidan Rumji da ciwon gwiwa, aka damƙa masa makullin ɗakin sujadar Katolika. Shekara goma sha ɗaya shi ne mai shara, shi ne mai buga ƙararrawa, shi ne mai tarbar baƙi. To, baƙin ne suka yi wuyar gani. Tun da ƙasa ta sami 'yancin kai Turawan buro, masu aikin ofis, suka tattara nasu ya nasu, ma'aikatan Dahomai suka bi bayansu, aka bar shi da tsofaffi biyar, biyu daga ciki ma barci ke kawo su.

Mompera, limaminsu Bature mai zuwa daga Maraɗi sau ɗaya a wata, ya riga ya yanke magana: in yau bai ga sabuwar fuska ba, za a rufe ɗakin, a kwance kwanon rufin a kai birni. In aka raba Jika da makullin nan me ya rage masa? Tsoho mai ɗingishi kawai. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar kasuwa ya bi rumfa-rumfa yana gayyata, kowa ya ce masa "in Allah ya so", irin wadda kowa ya san ma'anarta.

Har ya saki ƙararrawa, sai ga mutum huɗu ƙafa buɗu-buɗu, dattijo mai farin gemu a gaba.

"Salamu alaikum. Ni ne Hayatu, daga Cadakori munka zo. An ce mana ran Lahadi kaɗai ake buɗe ɗakin ga, shi ya sa..."

"Baƙo sai ya sha ruwa kana a ji ta bakinshi," in ji Jika. "Ku shigo, Baba, gidanku ne."

Ya ɗura musu ruwa, ya ce ba sai sun tuɓe takalma ba, suka tuɓe abinsu. Ya tasa su har bencin gaba. Da Mompera ya ce sabbin zuwa su miƙe a gan su, kamar yadda aka saba, suka miƙe suna kallon juna, tsofaffin nan suka yi musu tafi, har masu barcin.

Jika ya ga masu ibada a duniya, amma bai taɓa ganin irin waɗannan ba. Ba su kula hotunan bango ba, ba su kula kyandir ba. Tun da aka fara idanunsu na sama, leɓunansu na motsi. Dattijon kan ɗaga yatsa a hankali, sauran su gyaɗa kai. Ana tsakiyar huɗuba, wadda Mompera ke yi da Hausarsa mai tuntuɓe, ƙaraminsu ya ja dogon numfashi ya ce, "Ikon Allah." Bature ya ji, ya ƙara murya. Huɗubar da ba ta wuce minti goma, ranar sai da ta cinye rabin awa.

Da aka tashi ba su yi rige-rigen fita ba. Ɗaya ya dafa bango da tafin hannu yana shafa shi a hankali. Hayatu kuwa ya taka daga ƙofa har gaban bagade, teburin sujada, taku ɗaiɗai, kai a sunkuye, ya sake dawowa haka. Jika ya juya baya ya share hawaye da hularsa. Shi da ya yi ta gayyatar masu shayi da mahauta, ashe masu neman Allah na can Cadakori.

A waje Mompera ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Jika, na yi kuskure. Ba za a taɓa kwano ko ɗaya ba. Wata mai zuwa zan kawo littattafai huɗu, kai za ka koya musu, mu yi musu baftisma a bikin Ista."

Ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Maraɗi yana waƙa. Jika ya shafa makullin a aljihu, ya ji duniya ta yi masa daidai. Sai yanzu ya tuna bai bar dattijon ya ƙarasa maganarsa ba, ya koma ciki yana fara'a.

"To, Baba, yanzu sai ku faɗi mini abin da ke zuciyarku."

"Allah ya saka da alheri, Malam Jika, mun ga karamci," in ji Hayatu. "Tsani kawai za ka ara mana, mu hau mu ga yadda anka haɗa katakon can na tsakiya ba ginshiƙi, don liman ya ce lalle mu yi wa sabon masallacinmu rufi kafin ruwa ya sauka."