Koren Ruwa a Rijiyar Hajara

Injiniya Hadassah ta kwance bakin leda, ta zazzage garin kala a salgar gida na uku, ta bi shi da bokitin ruwa. Mutanen wannan layi na Makera duba-gari suke kiranta. Ta gaji da bayanin cewa ita injiniyar tsafta ce, aikinta raba ruwan da mutum zai sha da wanda ya fitar. Suka ce ai duk kanwar ja ce.

Yara huɗu cutar amai da gudawa ta kwantar a layin, kuma duk rijiya ɗaya suke sha, ta tsakar gidan Hajara mai ƙosai. Uku sun tashi. Zainab, 'yar Hajara tilo, ba ta tashi ba.

Tun ranar sadakar uku Hajara ta ɗora laifin a kan salgar maƙwabcinta Sylvanus makanike, matasan layi kuma suka ce ya kwashe iyalinsa. Ita ce ta yi ta sintiri a ofishin tsafta har aka turo Hadassah.

Salga uku ce kusa da rijiyar, kowacce ta samu kalarta: ja, shuɗi, kore. Wadda kalarta ta ɓullo a rijiya, ita ce mai yoyo. Hadassah ba ta gaya wa kowa inda ta zuba kowacce ba.

Ranar da ta dawo, Hajara ta shimfiɗa mata tabarma tana ba ta labarin marigayiya. Yarinya ce mai tsoro, ba ta iya zuwa can ƙarshen gida zagayawa ita kaɗai. "Amma kafin damina na share mata hawaye, alhamdu lillahi."

Aka zura guga. Ruwa ya fito kore shar.

"Na wane ne, Injiniya?" in ji Hajara. "Faɗi kowa ya ji."

Hadassah ta dubi Sylvanus, ya yi tsuru-tsuru, 'ya'yansa sun laɓe a bayansa. In ta yi shiru, gobe ba shi a layin. Tausayi ya kama ta, duk karatunta bai koya mata yadda ake faɗin irin wannan ba.

"Ba na Sylvanus ba ne," ta ce. "A rufe rijiyar nan yau."

Hajara ta riƙe mata hannu gam, tana roƙonta don Allah ta faɗi wanda ya kashe mata 'ya. Hadassah ta sunkuyar da kai.

Koren dai a sabuwar salgar da Hajara ta sa aka haƙa wa Zainab kusa da ɗaki Hadassah ta zuba shi.